Yadda Ake Shirya Fim Ɗin Taurari a Ƙasar Gumel

A shekarar 2004 wani dutse ya faɗo daga sama a bakin iyaka ta wajen Maigatari. Abin da aka tsinta bai kai kilo biyar ba, amma har yau sunansa yana cikin kundin da masana suke rubuta irin waɗannan duwatsu: Maigatari-Danduma. Kafin shi, ranar 21 ga Yuli 2002, wani ya faɗo a Kilabo ta ƙasar Haɗeja. Can baya kuma, ranar 3 ga Oktoba 1962, wani mai kilo 18 ya dira dab da wani manomi a gonarsa a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna ɓallen duniyar Mars ne. Sama dai ba ta yi mana rowar labari ba, mu ne ba mu sunkuya mun ɗauka ba.

Da matashin Gumel ko Sule Tankarkar nake, wanda yake da waya ko 'yar kyamara, yana sha'awar fim ɗin ƙagen kimiyya, amma yana ganin sai ya tara miliyoyi ya ƙera kumbo. Yaran nan na Kaduna da ake kira The Critics, da waya mai fasasshen gilashi da ƙyallen koren yadi suka fara, suna koyon aikin kwamfuta a YouTube. A 2019 duniya ta san da zamansu, a 2020 mai shirya finafinai J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki daga Amurka. A Ingila wasu 'yan'uwa biyu, Elliot da Zander Weaver, sun fitar da Cosmos a 2019, labarin mutum uku masu nazarin taurari, kusan duk fim ɗin a cikin mota ɗaya da kewayenta. Kai kuwa kana da abin da su ba su da shi, wato duhu. Ka bar fitilun Gagarawa da tafiyar 'yan kilomitoci a daren da babu wata, ka ɗaga kai, za ka ga jarinka.

Mataki na farko: labari, da ƙarya guda ɗaya

Kada ka fara da tambayar wace kyamara za ka aro. Fara da wanda zai yi kuka a fim ɗin, da abin da zai sa shi kukan. Taurari ba sa riƙe mai kallo minti ashirin, mutane ne suke riƙe shi.

Ƙa'idar da nake bi ita ce: an yarda ka yi ƙarya ɗaya, sauran duka su zama gaskiya. Ga misali na ƙaga, ka ɗauka ko ka yar. Dutse ya faɗo a gonar wani tsoho ana cikin damina. Jikarsa, ɗalibar kimiyya a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ta lura cewa tun da aka ajiye dutsen a ɗaki, rediyon tsohon yana yin wata irin shashsheƙa sau ɗaya kowane dare. Wannan ce ƙaryar. Ta fara rubuta lokacin a bayan littafinta, sai ta ga kullum ƙarar tana riga ta jiya zuwa da minti huɗu. Ta rasa dalili. Tsohon, wanda bai taɓa shiga aji ba, shi ya warware mata: ai taurari ne suke haka, kowane dare suna riga na jiya fitowa da ɗan kaɗan, shi ya sa tauraron da ka gani a gabas da asuba, bayan wata shida da magariba za ka gan shi a can. Wannan kuma gaskiya ce tsantsa. Da wannan minti huɗun wani injiniya a Amurka, Karl Jansky, ya gane a farkon shekarun 1930 cewa ƙarar da take damun na'urarsa daga taurari take zuwa.

To ina rikicin? Kawun yarinyar ya ji labarin dutsen Mars da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, wanda aka yi gwanjonsa a Niu Yok a Yulin 2025 a kan sama da dala miliyan biyar, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Ya riga ya yi magana da dillali, ranar Alhamis za a haɗu a kasuwar Maigatari. Gida kuma ana bin su bashi, rumbu ya yi ƙasa. Yanzu kana da fim: kwana shida, mutum huɗu, gona ɗaya, ɗaki ɗaya, kasuwa ɗaya.

Ka bar mutanenka su yi magana irin ta gida. Tsoho ba zai ce wa jikarsa "bari in yi miki bayani" ba. Cewa zai yi, "Ke amarya, bokon naki bai gaya miki wannan ba?" Ita kuma ta ce, "Kai dai tsoho, faɗa mini kawai, ka bar ja mini rai." Cikin wannan wasan jika da kaka za ka zuba kimiyyar, mai kallo ya haɗiye bai sani ba.

Fim na farko kada ya wuce minti 15 zuwa 20. A lissafin masu sana'ar, shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo. Kuma kada wani ya ce maka wannan fanni baƙo ne a Hausa. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi sararin sama.

Mataki na biyu: mutum uku su karanta kafin ka kashe ko kwabo

Na farko malamin kimiyya, ya duba kada ka yi abin kunya. Babu ƙara a sararin sama, domin babu iskar da za ta ɗauke ta. Idan dutse zai faɗo, haske ake fara gani, rugugin ya biyo baya, wani lokaci bayan minti ɗaya ko fiye. Dutsen kuma ba ya zama jajir yana hayaƙi har wayewar gari kamar yadda finafinai suke nunawa.

Na biyu malamin addini. A wurinmu tsakanin ilimin falaki da duba akwai siririn zare, kuma mai kallo yana da saurin zargi. Lissafin tafiyar wata da taurari don sanin lokacin shuka, alƙibla da tsayuwar wata abu ne da malamanmu suka daɗe a kansa. Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a hisabi da ilimin taurari har a Masar. Amma ka sa jarumarka ta ce tauraro kaza ne zai kawo arziki, ka jawo wa kanka wa'azin Juma'a. Gara malam ya ja maka kunne a zaure da ya ja maka a kan mumbari.

Na uku tsohon manomi mai lissafin taurari. Shi zai jero maka su ashirin da takwas, bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14. Zai gaya maka abin da ake cewa game da ruwan tauraron Nasara da na Ɗarfa a yankinsa. Ka kunna rikoda ka bar shi ya yi ta magana, da izininsa. Rabin maganganun tsohon fim ɗinka daga bakinsa za su fito.

Mataki na uku: sama ce take yanka maka rana

Nan ne fim ɗin taurari ya bambanta da kowane fim. Ba jadawalin jarumi kake bi ba, kwanan wata kake bi.

Ni da kaina na sha wannan. Mun taɓa yin hayar mota, muka kwashi mutane da kaya da tukunyar shinkafa da wake, muka tafi wata gona ɗaukar taurari. Muna isa sai ga farin wata fes, kamar a tsinci allura, taurarin da ake gani ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Mai gonar yana zaune a kan buzunsa yana kallonmu, can ya ce, "Samari, duk cikinku babu wanda ya san yau sha uku ga wata?" Haka muka ci shinkafarmu muka dawo.

Darare masu kyau su ne daga wajen 26 ga watan Musulunci zuwa 2 ko 3 ga sabon wata. Daga 21 zuwa 25 ma farkon dare da duhu, don wata ba ya fitowa sai tsakar dare ko bayanta. Ke nan kana da kamar kwana goma sha biyu a kowane wata.

Sai kuma yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana shafe sama, ko babu gajimare ko ɗaya taurarin ƙasa-ƙasa ba sa fitowa. Da damina, daren da ya biyo bayan ruwa sama takan wanku tas, amma caca ce, ga hadari ga sauro, ga gero ya yi tsayi babu mai barin ka taka masa gona. A ganina babu kamar Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba, an yi girbi fili ya buɗe. A Oktoba, farin zanen nan mai kama da hayaƙi da yake ratsa sama, wanda Larabawa suke kira Majarra, wurin da ya fi kauri yana kudu maso yamma bayan isha'i, wajen ƙarfe goma ya kusa faɗuwa, saboda haka kada ka tsaya shan shayi. A farkon Nuwamba kuma Kaza da 'ya'yanta tana fitowa daga gabas tsakanin magariba da isha'i. Sauke manhajar Stellarium, kyauta ce, ka sa mata Gumel da ranar da kake so, za ta nuna maka saman wannan daren tun kana kwance a ɗakinka.

Hazon ma kada ka zage shi. Idan labarinka yana da mafarki ko fitowar da take nuna wata duniya, jira Janairu. Jigayin yashin arewacin Sule Tankarkar da Maigatari cikin ƙura, rana ta koma farin faifai da ido yake iya tsayawa kusa da shi, ka ɗan ƙara ja a kwamfuta, ka sami Mars ba ka biya kowa ba. Sai dai kada ka kuskura ka cire gilashin kyamara a fili ranar, ƙurar za ta shige ciki.

Mataki na huɗu: sallama

Mutum goma da fitilu da na'urori a bayan gari ƙarfe ɗayan dare, kusa da iyaka, ai ka san abin da za a ɗauke ku. Ka fara da mai unguwa, ya kai ka ga dagaci, a sanar da hakimi. Ka rubuta wa 'yan sanda takarda, ka gaya wa 'yan sintirin garin, ka ɗauki ɗaya daga cikinsu ya kwana da ku. A Maigatari ka ƙara da jami'an shige da fice da na kwastan, kuma ka manta da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, ko a wani wuri sai da izinin hukuma, balle a bakin boda. Fitowar kasuwa kuwa, ka je tun Alhamis ɗin da ta gabata ka gaisa da shugabannin kara. Raƙuma da shanu da ƙura da hayaniyar dillalai, babu kuɗin da zai shirya maka irinsu. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, a kan layin Kano zuwa Nguru, ita ma wuri ce mai kyau idan ka sami izinin masu ita.

'Yar wasa mace a aikin dare, da yardar iyayenta, kuma da wani nata a wurin. Kowa ya sa takalmi rufaffe, kunama da kububuwa ba su san darakta ba.

Mataki na biyar: ɗaukar sama

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: kyamarar bidiyo ta talaka ba ta iya ɗaukar fuskar mutum da taurari a lokaci guda. Daban ake ɗaukar sama, a matsayin hotuna, daga baya a haɗa.

Kafa kyamara a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku, ka danne ƙafafun da buhun yashi. Sa gilashi mai faɗin gani, kamar milimita 24 ko ƙasa. Buɗe ƙofar haske iya buɗewarta, 2.8 idan tana kaiwa. ISO tsakanin 1600 da 3200. Kashe fokos mai sarrafa kansa, ka nufi tauraro mai haske, ka riƙa murzawa a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka manne zoben da salatif. Tsawon buɗewa kuma ga lissafinsa: raba 500 da lambar gilashinka. Na 24 zai ba ka kusan daƙiƙa 20. Ka wuce haka, taurari su fara jan wutsiya, domin sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Idan kyamararka mai ƙaramin ido ce, ko kana fuskantar gabas ko yamma inda gudun ya fi yawa, rage zuwa 13 ko 15. Wayoyi da yawa suna da sashen da ake saita waɗannan da hannu, a gwada kafin a raina.

Don a ga sama tana tafiya, hotuna ake jerawa. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 25 ce, ke nan daƙiƙa 10 hoto 250. Kowanne daƙiƙa 20 da ɗan hutu tsakani, awa ɗaya da rabi ke nan kana zaune don daƙiƙa goma. Cika batir, tanadi na biyu, kuma ka gargaɗi kowa: wanda ya kunna tocila ya ɓata aikin. Ku rufe bakin tocilolinku da jar leda, jan haske ba ya kashe ganin dare, ido kuwa sai ya yi minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu. Ka sa jarumarka ma ta yi haka a cikin fim, masu sani za su gyaɗa kai.

Kullum ka sa wani abu na ƙasa a gindin hoton: kuka, rumbu, giginya, dangar kara. Sama ita kaɗai ta kowa ce, da kukar ce za a san ta ƙasar Gumel ce. Idan kana son taurari su zana da'ira, fuskanci arewa. Tauraron da ba ya motsi yana can ƙasa-ƙasa, ka miƙe hannu, tsayin dunƙule ɗaya da ɗan ƙari daga doron ƙasa.

Kuskure biyu da za su tona maka asiri. Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, duniya ce mai bin rana, ko dai a yamma bayan magariba ko a gabas kafin alfijir, ba a ganinta a tsakiyar sama tsakar dare. Jinjirin wata kuma a nan kusan kwance yake kamar ƙwarya, ba a tsaye ba irin na hotunan Turai. Mutanen da suke fita duban watan azumi kowace shekara ba za ka ruɗe su da watan aro ba. Hotunan can cikin sarari, na Mars da makamantansu, yawancin na hukumar NASA an yarda a yi amfani da su, ka dai rubuta inda ka samo.

Mataki na shida: mutane cikin dare, da dutsen

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaukar 'yan wasa bayan faɗuwar rana, lokacin da sama take shuɗiya babu gajimare, su kuma sun zama inuwa. Kyamara a kafe, kada ta motsa. A kwamfuta sai a cire shuɗin a sa taurarin da ka ɗauka. Amma hasken nan a ƙasarmu ba ya jira, minti ashirin ya tafi, ga kuma sallah. A yi gwaji tun la'asar, a san wanda zai tsaya ina, a yi sallah a kan lokaci, a ɗauki abin da ya samu, gobe a ƙarasa.

Fitowar kusa da fuska kuwa, fitilar sola ɗaya ɗaure a kan doguwar gora, can sama ta bayan ɗan wasa, da farin zane a gabansa yana maido hasken. Sauran ka bar wa wutar kara, aci-bal-bal da hasken waya. Kada ka haske ko'ina, dare ne. Koren yadi sai in ya zama dole: a goge shi, haske ya bazu a kansa daidai, ɗan wasa ya ba shi tazarar taku uku.

Dutsen fim, maƙeri da magini sun ishe ka. A cuɗa siminti da garin ƙarfe, a danna masa 'yan lotsa da babban yatsa kafin ya bushe, a shafa baƙin fenti marar ƙyalli, a fasa gefe ɗaya cikin ya fito toka-toka. Haka yawancin na gaske suke: baƙar fata siririya ta ƙuna, nauyi fiye da girmansu, kuma maganaɗisu yana kama su. Ka yi guda biyu, ɗaya zai faɗi ya fashe. Kuma ka sa wani a fim ɗin ya ce ai gatarin aradu ne, don a ƙauye abin da za a fara faɗa ke nan.

Mataki na bakwai: sauti

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi makirfo. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, ba ya yafe maganar da ba ya ji. Makirfo kusa da baki, a lulluɓe da soso saboda iska. Janareta in dole ne, a kai shi nesa a bayan tudu da doguwar waya. Bayan kowace fitowa kowa ya yi tsit minti ɗaya a ɗauki kukan wurin: gyare, haushin kare daga nesa, jaki. Shashsheƙar rediyon, wadda ita ce dodon fim ɗinka, ka ɗauko ta daga tsohuwar rediyo mai gajeren zango tsakanin tasha da tasha, ka ja ta a manhajar Audacity. Kiɗa kuma, gurmi ko sarewa ɗaya sun fi dacewa da wannan saman fiye da gangunan kwamfuta. Waƙar soyayya da rawa, a wannan karon, a haƙura.

Mataki na ƙarshe: haɗawa da fitarwa

DaVinci Resolve yana da na kyauta don yanka da gyaran launi, Blender kyauta ne don wutar faɗowar dutse. Faɗowar kada ta wuce daƙiƙa uku ko huɗu, sauran ka nuna a fuskar tsohon da hasken ya wanke, sannan shiru, sannan rugugi. Ajiye aikinka a wuri biyu kowane dare, wutar lantarki ba ta da alƙawari.

Ka sa fassarar Turanci a ƙasan allo, da ta Faransanci in da hali. Kafin nunawa a kasuwa, fim ya bi ta hukumar tace finafinai ta ƙasa, in kuma Kano za ka kai shi, ita ma tana da tata tun 2001. 'Yan ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN za su nuna maka ƙofar. Ka fara gwada bukukuwan finafinai kafin ka ɗora a YouTube, domin wasunsu ba sa karɓar abin da ya riga ya fita: KILAF a Kano, Zuma a Abuja, AFRIFF a Legas, FESPACO a Wagadugu.

Amma kallon farko na mutanen garin da suka ba ka gona ne. A ɗaura farin zane a bangon makarantar firamare, a aro majigi da lasifika, a shimfiɗa wa dattawa tabarma a gaba, mata a gefensu, a ajiye wa tsohon mai lissafin taurari kujera. Ka duba kwanan wata kafin ka sa ranar, farin wata yana cinye hasken majigi.